Ƙofofin Tagulla na Tsohuwar Silima

Ƙofofi shida ne na tagulla, kowace sai ƙarti huɗu ke iya ɗaga ta. Suna bakin wata tsohuwar silima da za a rushe a unguwar Port Richmond, kuma na riga na ce wa wani Alhaji ɗan Kumasi "na sallama" a kansu, a gaban jama'a. A Tremont, unguwar da muke ciniki, wanda ya sallama kaya ya kasa kawowa, cinikinsa ya ƙare.

Sana'ata sayen kayan tsofaffin gine-gine kafin a rushe su. Da manyan gidajen bakin ruwan Port Richmond ɗin na fara, waɗanda attajiran da suka gina don zuwa wankan teku da shan iska. Da ruwan ya ƙazantu suka watse, aka yayyanka gidajen ɗaki-ɗaki ana haya, silimarsu ta koma sito.

Ranar ɗaukar kaya na iso da hantsi, na tarar da mutum uku sun daddatsa ƙofa ɗaya da inji, sun kwance ta biyu sun jingine ta, za su sayar a kilo. Babbansu ɗan Maraɗi ne, tsohon abokin aikina.

"Kashe injin nan. Na saya."

"Ina takardarka, Yaya?" ya ce. "Nan ba Kano ba ce."

Ba ni da takarda. Hannu kawai muka yi da ɗan kwangilar da zai rushe ginin.

Na fizge wayar injin. Ɗayansu ya sauke mini ƙarfe a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Na rungumi ɗan Maraɗin muka zube kan ruɓaɓɓun kujeru, na yi ta buga kansa da hannun kujera har jini ya rufe masa ido. Shi kuma ya kafa mini haƙori a kunne. Ana janye ni, ƙofar da suka jingine ta taho. Na tare ta da hannun hagu.

Su ukun suka ɗaga ta da ƙarfen da aka doke ni da shi, ɗan Maraɗin yana ta cewa, "Yaya, kada ka duba."

Na kai wa Alhaji ƙofa biyar lafiya lau, ta shida a buhu. Ya dubi bandejin hannuna, ya karɓi kayan.

Na rasa yatsa biyu da abokin shekara goma. Har yau idan na ce na sallama, ba mai neman takarda a wurina. Ni kuwa ina neman ta a wurin kowa.