Akwatin Hukunce-hukuncen Kawu

Jiya ina binciken tsofaffin shari'o'in korar yara daga lakwal, wato makarantar boko, sai warin takarda ya tuna mini da kawuna, tsohon magatakardan kotu a Dakoro. Ba ya juya shafi sai ya lashi yatsa.

Wata rana ya jawo akwatin ƙarfe ya ce, "Ɗana, ga hukuncin yarinyar da alƙali ya mayar aji. Da hannuna na kwafe shi."

Na yi dariya na ce, "Kawu, yanzu komai yana cikin waya."

Ya rufe akwatin.

Yau kwana uku ke nan ina lalube a waya, babu hukuncin yarinyar. Akwatin kuwa ni ya bar wa, na bar wa gara.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya yafe mini dariyar nan.