Ni Na Kai Ka Roƙon Lasin Lado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 14 ga Maris, 1976, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Maharazu mai awon hatsi a kan hanyar Magama, yana kan kekensa zai koma kasuwar Jibiya. Motar da ta buge shi ƙanena Lado ke tuƙa ta, kuma a buge yake da giyar da ya sha a Maraɗi.

Baba, ni ne Ummaru. Ban san da wane baki zan yabe ka ba, amma shirun ya fi ƙarfina.

Kowa a bakin iyakar nan ya sha ruwan randarka. Tun da manyan motoci suka cika hanya kana ajiye ta kusa da shinge, direban da ya tsaya sha kuma sai ka tsokane shi da cewa ya bar wa raƙuma. Matan da jandarmomi suka tsare wa kaya kai suke nema, ka rufe buhunanka ka bi su da ɗan Faransancinka da ya fi ba jandarman dariya. Ba ka taɓa dawowa ba sai da kayan.

Wannan halin naka na ci amanarsa. Bara, da 'yan sanda suka ƙwace lasin Lado don ya afka wa rumfa a Daddara, wurinka na zo. Ka dube ni, ka ce, "Ummaru, in na tsaya mashi ya je ya take ɗan wani, mi za ni ce ma Allah? Ya bar shan?" Na rantse maka ya bari. Ƙarya na yi, Baba. A safiyar ranar na ji warin giya a bakinsa. Ka sa babbar rigarka ta Juma'a muka tafi Katsina, ka yi ta ba da haƙuri har aka miƙo maka lasin. Da hannunka ka ba shi.

Jiya an dakatar da lasin shekara biyu, kafin a gama shari'a. Da na bar shi a hannun hukuma tun bara, da yanzu kana rumfarka kana awo. Na zo zaman makoki sau uku, ina kaiwa ƙofar gidanka sai in juya. Matarka Inna Hajjo kuwa har aiko mana ta yi da gumbar sadaka, wai kada mu sa abin a rai. Gumbar tana nan a rufe, na kasa taɓawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da matafiya. Allah Ya ba Inna Hajjo da 'ya'yanka Ma'u da Mariyamu haƙurin rashinka. Kai ka riga ka tafi ban nemi gafararka ba, saura su. Inna ta yafe mana ne ba ta san da rantsuwata ba. Wanda zai karanta mata wannan takarda, na haɗa shi da Allah, kada ya tsallake ko layi ɗaya.