Zaman Laraba a Kan Ƙanwata

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni ina cikin kasuwar Jahun, aka ce in bar cefanen in zo, Hadiza ta cika. Ƙanwata ce, ciki ɗaya. Da safe ta haihu a asibitin da nake aikin ungozoma, na bar ta tana shan kunun kanwa. Bayan fitata jini ya ɓalle mata.

Da aka share makoki, gwamnati ta turo kwamitin bincike daga Dutse. Suka yi wa kowa tambayoyi, suka ce babu sakacin kowa, kwana ne ya ƙare.

To amma mu a sashen haihuwa muna da namu zaman. Duk macen da ta rasu a hannunmu, sai mun taru ranar Laraba, a rufe ƙofa, a bi abin da ya faru daki-daki. Ƙa'ida biyu ce: ba a kama sunan ma'aikaci, kuma maganar ba ta fita daga sashen. Shi ya sa ake faɗin gaskiya.

Da Larabar ta zo, babban likitanmu ya tare ni a bakin ƙofa.

"Sista Rabi, an ɗauke miki wannan zaman."

"Ranka ya daɗe, ina so in ji."

Ana cikin bayani, ana ta cewa "wanda yake kan aiki", sai babban likitan ya ɗaga hannu.

"Ku bar kewaye-kewaye, ni ne. An bugo mini waya jini bai tsaya ba, na ce a ƙara allura a jira. Tiyata ya kamata in shiga da ita nan take."

Shugabar ungozomomi ta ce, "Haba Likita, ai kwamiti ya wanke ka."

"Hajiya, kwamiti bai ji muryar da ta kira ni ba. Ni na ji ta."

Babu wanda ya tilasta masa. Ya dube ni, bai sunkuyar da kai ba. A nan ya kafa doka: ungozomar da ta ga jini ya ƙi tsayawa tana da ikon kiran wani likitan, ko da shi da kansa ya ce a jira. Dokar da kuka tarar ke nan, ku sababbin zuwa sashen nan. Ranar na san aikin nan yana da mutanen da ke hukunta kansu bayan hukuma ta sallame su.

Jaririn yana garin Taura wajen Innarmu. Duk zuwana sai ta ce, "Rabi, ke da kike ciki, me ya faru?" Har yau ban faɗa mata ba, domin maganar zaman ba ta fita daga sashen.