Tukunyar da Baba Ya Ɗauka

Da safiyar wata Laraba ta watan Afrilun 2006, ina da shekara takwas, na ji ƙarar faɗuwar tukunya daga kicin ɗinmu da ke hawa na goma sha ɗaya a unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Na ruga na tarar da Umma zaune dirshan a ƙasa, ta jingina da firji, idonta a rufe, ruwan zafi yana malala har ƙarƙashin ƙofa. Kwananta goma da haihuwar ƙanenmu Mukhtar. Ta tafasa ruwan wankan jego, ta yunƙura za ta kai banɗaki, jiri ya kwashe ta. Allah ya kiyaye, ruwan ya zube gefe, yatsan ƙafarta kawai ya taɓa. Baba ya fito da hula a hannu, dama shirin fita yake yi. Ya ɗaga ta ya zaunar a kujera, ya dubi tulin wankin da ya kai rabin bango, ya dube ni da ƙanena Nura mai shekara shida muna tsaye zuru-zuru. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mana sauƙi. Murya a ƙasa ya ce, "Wannan zama ba zai yiwu ba. Da an tashi baje koli abokina Alhaji Garba zai koma Kano. Ku shirya ku bi shi, ke da yaran." Ya kuma ja mini kunne cewa kada ya sake ya gan ni kusa da murhu.

Ni kuwa na san inda maganar ta dosa, don yaron gidan haya kunne gare shi. Iyalin da aka mayar gida ba sa dawowa. Ƙawata Asma'u ta hawa na shida an ce Sallah kawai za su je su yi, biza ta ƙi samuwa, shi ke nan, sai mahaifinta muka riƙa gani a lif da ledar shinkafarsa shi kaɗai. Idan muka tafi, Baba zai zama murya a waya da kwalin tsaraba sau ɗaya a shekara. Umma ba ta so, na gani a fuskarta, amma ba ta da bakin musu. Kwana goma sha takwas suka rage a tashi baje kolin, na ƙirga su a kalandar da ke bayan ƙofa.

Kada wani ya ce, to shi Baban me ya hana shi ɗaukar tukunyar? Wannan tambayar 'yan yanzu ce. Baba mutumin kirki ne, ba ya barinmu da yunwa, ba ya ɗaga murya, amma a gidan da ya tashi a Kano namiji ba ya shiga sha'anin jego. Nasa shi ne ya sauke itace a ƙofar gida, ya yanka rago, ya ja gefe. Tafasa ruwa da dama kunun kanwa da gasa mai jego aikin gwaggo ne da inna da kaka. To mu a Guangzhou ba gwaggo ba inna. Matan 'yan kasuwa biyu da suka taya mu hidimar suna sun koma harkokinsu. Shi kuma Baba dillalin kaya ne, lokacin baje koli ba ya ganin tafin hannunsa: daga sallar asuba ya kwashi baƙinsa zuwa Pazhou inda ake baje kolin, daga can kasuwar tufafi ta Canaan, daga can wurin masu loda kwantena. Abin ko a ransa bai taɓa zuwa ba.

A lokacin ni da Nura muna da makarantu biyu, babu ɗaya mai allo a bango. Asabar da Lahadi wani ɗalibin jami'a ɗan Damagaram yana zuwa ya biya mana Alƙur'ani. Sauran ranaku kuwa muna ƙofar da ke kallon tamu, wurin wata tsohuwa da muke kira Abuwela, wato kaka. Fuskarta ta 'yan Sin ce sak, amma a ƙasar Peru aka haife ta, can ta yi shekaru tana koyar da yara, sai da ta tsufa ta biyo ɗanta da ke fataucin takalma. Tana koya wa jikarta Lusiya karatun Sifaniyanci don kada ta manta harshen gidansu. Mu kuma da muke cika mata kunne da langa da tsere a barandar bene, muna carafke da ƙwallon 'ya'yan itace a bakin ƙofarta, wata rana ta buɗe ta kama mu ɗaya a kowane hannu ta zaunar a teburinta. Da aka gaya wa Baba dariya ya yi, ya ce, "An ce a nemi ilimi ko a birnin Sin. To ga mu a Sin ɗin, ku je."

Littafin karatun da hannunta ta yi shi. Kwalin takalman ɗanta take yankawa, ta ɗinke da zaren buhu. Kowane shafi da zanen wani a gida yana aiki, ƙarƙashinsa jimla guda da manyan baƙaƙe. Yarinya tana shara. Yaro yana jera takalma. Yarinya tana wanke kofuna. Muna bin baƙaƙen da yatsa, muna haɗa su biyu-biyu, har jimla ta fito. Ni dai, ba yabon kai ba, kaina yana ja. Kafin Lusiya ta gama tauna fensirinta na karance shafi. Amma saurin bai tsinana mini komai ba, don Abuwela tana da doka guda da ko kuka ba ya karya ta: ba a juya shafi sai an je gida an yi aikin da aka karanta, uwa ta sa hannu a ƙasansa. Ta kan ɗora tafinta a kan littafin ta ce, "Baki ya karanta, saura hannu." Da harshenta take faɗa, da ɗan Sinancin da muka tsinta a kasuwa, da nuni, mu dai muna ganewa.

Ranar da Umma ta faɗi, na yanke shawara ni kaɗai cewa littafin nan ne zai hana mu tafiya. Idan aiki ne ya gagara, ai ga aikin nan shafi-shafi. Na naɗa Nura mataimakina, ko da yake rabin aikinsa ƙorafi ne. Washegari da Baba ya fita, na kwashi nafkin ɗin Mukhtar kaf na wanke a baho, na shanya a baranda. Na goge ɗakuna da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan na yi abin da na ga Umma tana yi tun muna Kano: na wangale tagogi da ƙofar baranda don iska ta shigo ta busar. Kai, ashe wuta na hura wa kaina! A wannan lokaci na shekara iskar Guangzhou ruwa ce tsagwaronta. Kafin azahar bango ya fara zufa, madubi ya rufe, ƙasa ta yi santsi, katifa ta yi sanyi. Nura ya zame ya fasa leɓe. Nafkin ko ɗaya bai bushe ba, sai ma wari da suka fara. Baba ya dawo ya taka a hankali yana dafa bango, ya girgiza kai ya ce, "Sa'adiyya, sannu da ƙoƙari." Wallahi da mari ya ba ni da na fi jin daɗi.

Kukan Nura ne ya jawo Abuwela washegari. Ta shigo da sandarta, ta dubi aika-aikar da na yi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ta rufe, ta sa muka shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ta ja igiya a tsakiyar falo, muka rataye nafkin muka saita musu fanka. Kafin magariba sun bushe ƙarau. Daga nan ta shiga wurin Umma. Matan nan biyu ba su da kalma goma da suka haɗa, amma suka yi hira ta kusan awa guda. Umma ta nuna mata tukunya, ta nuna jikinta, ta nuna ƙafafunta da suka fara kumbura, don tun faɗuwar ba ta sake wanka da tafasasshen ruwa ba, abin kuwa yana cin ranta. Ta kwatanta mata ganyen darbejiya, Abuwela ta kaɗa hannu ta ce "meyo", wato babu. Sai ta koma ɗakinta ta dawo da leda cike da busasshen ɓawon citta. Ashe su ma 'yan Sin mai jegonsu wata guda take yi a ɗaka, da ruwan citta take wanka. Ta gwada ɗaga tukunyar ko ruwa babu a ciki, ta dafa gwiwa ta ajiye. Ta dube ni, ta dubi takalman Baba da ke bakin ƙofa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Na iya shara, na iya wanke-wanke, na iya goya Mukhtar, Nura ma ya ƙware a ninke kaya. Gida ya yi fes, Umma ta sa hannu a shafi bakwai. Amma Baba bai janye maganarsa ba, don tukunyar tana nan inda take. Saura kwana tara, muka zauna a teburin Abuwela, na juya shafi, sai na ga sabon kwali da sabon zare. An zana mutum da doguwar riga da hula, har da ɗan gemu, ya rungumo tukunya tana tururi. Na bi baƙaƙen da yatsa: "Papá lleva el agua." Uba yana ɗauko ruwa. Nura ya kwashe da dariya ya ce, "La, Baba ne!" Na ce wa Abuwela ai wannan ba aikina ba ne, a tsallake. Ta ɗora tafinta a kan littafin. Na san ba tsallakewa.

Kwana biyu ina juya abin a raina. A na uku, Baba yana shan shayi bayan asuba, na durƙusa gabansa da littafin, na ce ina so in biya masa karatu. Na karanta shafukan baya tiryan-tiryan ina fassarawa, yana gyaɗa kai yana jin daɗi. Da na zo sabon shafin na karanta, na fassara, na gaya masa dokar. Ya daɗe yana kallon hular da aka zana. Ya ce, "Ke, a garinmu aikin namiji a jego itace ne." Ni kuma bakina da ba ya jin birki na ce, "To Baba, ai nan babu itace." Umma ta kira sunana daga ɗaki da muryar gargaɗi. Baba ya ajiye kofi, ya sa hularsa, ya fita. Na yi kuka ranar har na gode Allah, na ce shi ke nan, na ƙarasa ɓata abin.

Washegari ƙamshin citta ne ya tashe ni. Na leƙa kicin na ga Baba ya naɗe hannun riga, ya tsaya kan tukunya yana jiran ta tafasa, yana karanta wuridinsa. Ya naɗe hannayen tukunyar da tawul, ya ɗauke ta cak, ya bi ta falo yana takawa a hankali. Bai dube ni ba, ni ma na yi kamar ban gani ba. Haka ya yi washegari, da wanshekaren washegari. Kumburin Umma ya fara sauka. Amma maganar tafiya ba wanda ya tayar, ni kuwa ina ta soke kwanaki a kalanda.

Bayan an tashi baje koli da kwana ɗaya, da sassafe, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nura ya buɗe ba tare da tambaya ba. Alhaji Garba ne, abokin Baba tun suna samari a kasuwar Kwari, ya zo karɓar fasfunanmu don a yanki tikiti. Ya yi sallama ya shigo daidai lokacin da Baba ya fito daga kicin, tawul a kafaɗa, tukunya a hannu, tururi yana dukan gemunsa. Alhaji Garba ya tsaya baki buɗe. Mutumin nan kuwa duk abin da ya gani a Xiaobei sai an ji shi a Kano kafin jirginsa ya sauka. Na ga Baba ya ɗan tsaya, na ga idonsa ya kai kan teburin da zai iya dire tukunyar. Bai dire ba. Ya ce, "Alhaji, ɗan matsa mini, kada ruwan ya huce." Ya wuce ya kai banɗaki, ya fito yana goge hannu, ya ce, "Maganar fasfo a bar ta. Iyalina suna nan." Da hantsi na kai littafin wurin Umma don ta sa hannu, sai Baba ya miƙo hannu ya karɓi biron.

Mun ƙara shekara uku a wannan bene kafin mu dawo gida, mu duka, a jirgi ɗaya. Abuwela ta koma Peru kafin mu, ban sake jin labarinta ba. Sifaniyancin ya zube mini, sai dai har yau in na ga rubutunsa a jikin kwalin magani bakina yana karantawa da kansa. Baba ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Da na haifi 'yata ta fari a Kano, gidanmu ya cika maƙil: gwaggo biyu, innata, kakar mijina, maƙwabta. Kafin in buɗe ido an tafasa ruwa, an dama kunu, an wanke, an shanya, rana ta busar cikin awa guda. Mijina yakan tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ya jikin?" ya wuce, kuma ba wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. An yi mini gata iya gata, na gode wa kowa. Amma har yau ina kewar gidan nan da ba mu da kowa a cikinsa sai junanmu.