Ranar da ƙafafuna suka kayar da ni jarrabawa

Shekarun baya, kafin furfura ta gama cinye mini gemu, na taɓa faɗuwa jarrabawa saboda na miƙe tsaye. Ban saci amsa ba, ban yi wa kowa rashin kunya ba. Masu yawan tambayata yadda aka yi mutum irina ya iya kwamfuta, to ga yadda aka yi, kuma ba duka ne mai daɗin ji ba.

Sana'ata rubutun allo ce. Tun ina saurayi nake riƙe da buroshi da gwangwanin fenti a wata 'yar rumfa a Kurmin Mashi. Allon makaranta, allon kemis, jikin tifa, bangon shago, duk na rubuta. Boko kuwa a aji shida na firamare muka rabu, ko sallama ba mu yi ba. Ban taɓa jin na rasa wani abu ba, tunda hannuna yana ciyar da gidana.

Sai injinan buga bana suka shigo gari, ledar tallan nan mai faɗi da ake bugawa da hoto da komai. Aikin da nake kwana uku a kansa, inji zai fitar kafin shayi ya huce. Akwai wani mai makaranta a Rigachikun da na yi shekaru ina rubuta masa allo. Ran nan ya wuce ta gaban rumfata da bana a naɗe a hammata. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa, na amsa ina kallon sama. Ban ga laifinsa ba. Amma ranar na san kasuwata ta mutu, jana'iza ce kawai ba a yi ba.

Abokina tela, wanda rumfarsa ke jikin tawa, shi ya jiyo zancen a rediyo.

"Mutumina, ka ji? Wai jami'a ta haɗa kai da kamfanonin ɗab'i, za su koya wa mutane zane a kwamfuta wata shida. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi takarda, kamfani ya ɗauke shi aiki."

Na ce, "To ni ina ruwana?"

"Da ruwanka mana, tunda ƙuda ma sun daina leƙa rumfarka. Amma dai bari kawai. Kai da ba ka san komai a waya ba sai kore da ja."

Wannan baƙar maganar ce ta kai ni, ba wani hangen nesa ba. Kada wani ya ce muku na zauna na yi tunani.

A wurin rajista aka ce sai da sakamakon sakandare. Na ce ba ni da shi. Na juya zan tafi, wata Hajiya da ke zaune a gefe ta kira ni. Ita ce shugabar ɗaya daga cikin kamfanonin, kuma ashe ita ta dage tun farko sai an ware kujeru ga masu sana'ar hannu marasa takarda. Ta tambaye ni me nake yi. Na zaro hotunan allunana, tsofaffi, wasu duk sun koɗe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa mai rajista, "Rubuta sunansa."

Tsarin shi ne kwana uku a jami'a, kwana biyu a kamfaninta a Unguwar Rimi. A aji ni ne Baban kowa. Malaminmu, wanda muke kira Dakta, na girme shi nesa ba kusa ba. Mutum ne marar yawan dariya, amma ba mugu ba ne.

Wata biyun farko na sha wuya. Hannun nan da yake jan layi miƙaƙƙe a bango ba tare da rula ba, da na ɗora shi a kan maus, ɗan abin nan da ake sarrafa kwamfuta da shi, sai ya ƙi jin maganata. In ce masa gabas ya nufi arewa. Ga tsoro. Fenti ba ya yafiya, in ka ɓata harafi ka ɓata allo, don haka kafin in taɓa komai sai na yi ta lissafi a zuci. Ɗaliban har sun gama suna hira, ni ina kan kalmar farko. Ranar da Dakta ya nuna mini maɓallin da ke mayar da kuskure baya, na ce, "Dakta, ina ma duniya tana da irin wannan." Aji ya kwashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Ci gaba, Baba."

Na ci gaba. Duk wanda ya tashi cin abinci, na haye kujerarsa. A kamfani kuwa da an tashi aiki nake roƙon a bar ni rabin awa. Zuwa wata na biyar maus ya san mai gidansa.

Ranar jarrabawa aka ba mu aiki: a tsara allon wani asibiti da za a kafa a bakin babbar hanya. Awa biyu. Hajiya ta zo a madadin kamfanoni, ta zauna a gaba. Dakta ya karanta dokoki, cikinsu akwai cewa duk wanda ya tashi daga kujerarsa ya gama ke nan. Na ji da kunnena. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba.

Aikin ya zo mini a hannu. Wannan ai gonata ce. Na jera sunan asibitin da manyan haruffa, na sa kibiya, na rage surutu. Cikin awa ɗaya na ga abu ya fara kama jiki.

To, mu masu rubutun allo muna da wata ɗabi'a. Ba ka yarda da aikinka kana tsaye a gabansa. Sai ka ja da baya, taku goma, taku ashirin, wani lokacin har ka tsallaka titi, ka kanne ido ɗaya, ka kalle shi yadda mai wucewa zai gan shi. Shekara kusan talatin ina yin haka a kowane allo. Sabo turken wawa. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai tsinci kaina a bakin ƙofar aji, hannu a ƙugu, ido ɗaya a kanne, ina ce wa kaina kibiyar nan ta yi ƙanƙanta.

"Baba, ka gama ke nan."

Na juya. Dakta ya riga ya isa kujerata ya kashe fuskar kwamfutar.

Na ce, "Dakta, ban gama ba. Dubawa na je yi."

"Ka tashi ko ba ka tashi ba?"

"Na tashi, amma..."

"To ka gama."

Hajiya ta taso. "Malam, me ka je yi a bakin ƙofa?"

Na ce, "Hajiya, allon bakin hanya aka ce. Direba ba ya karanta allo da hancinsa a jiki. Yana gudu zai gani, daga nesa. Daga kujera ba zan san ko ya karantu ba."

Ta taka zuwa inda na tsaya, ta juya ta kalli ajin. Na ga ta ɗan matse ido tana bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun yi ado, furanni da launi kala-kala, amma daga nan sunan asibitin ba ya fita. Ta ce, "Dakta, abin da nake fama da ma'aikatana su gane ke nan. A bar shi ya ƙarasa."

Dakta ya ce, "Hajiya, daga inda kike tsaye, aikin mutum nawa kike gani?"

Ta sake bin ajin da kallo.

"Na kowa," in ji shi. "Shi ma ya gani. Na san ba sata ya je yi ba. Amma in na bar shi, gobe wani ya tashi ya ce shi ma dubawa ya je yi. Takardar da za mu ba su, sunan jami'a ne a kai."

Haka na ɗauki hulata na fita. Daga nan har Kurmin Mashi da ƙafa na tafi, keke napep suna ta yi mini hon, ban kalli ko ɗaya ba.

Bayan kwana biyu Hajiya ta aiko a kira ni. Ta ce yarjejeniyarsu da jami'a ba ta ba ta damar ɗora wanda bai ci jarrabawar ba a kan kwamfuta ba, amma za ta iya ɗaukata ina yanka bana, ina kafa wa mutane. Ko kuma in sake wata shida tare da sababbin ɗalibai. Ta ce in je in yi shawara.

Na gaya wa matata. Tana tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, yankan leda ka je koyo?"

"A'a."

"To me kake tambayata?"

Abokina tela kuwa sai da ya yi dariya har ya soki yatsa da allura. "Maimaita aji da gemu! Mutumina, 'ya'yanka ma ba su yi wannan ba." Na ce ya yi ta yi. Ran Litinin na koma.

Zagaye na biyu ya fi na farko ciwo. Abokan karatuna na da suna kamfani suna aiki, in na je kwana biyun nan su ne masu nuna mini inda zan zauna. Rumfa kuwa sai Asabar da Lahadi nake buɗewa, in Allah ya kawo mai son lamba a jikin gida in rubuta. Mun ci tuwo ba nama a watannin nan har yara suka daina tambaya.

A makon farko Dakta ya tsaya a bayana. Ya miƙa hannu ya danna wani abu, sai aikina ya ƙanƙance a fuskar kwamfuta har ya koma kamar akwatin ashana.

"Ga nesa nan na kawo maka kan tebur. In ya karantu a haka, direba zai karanta."

Na ce, "Dakta, me ya hana ka nuna mini wannan tun farko?"

"Na nuna, a mako na uku. Kana can kana kokawa da maus."

Ranar jarrabawa ta biyu ban yarda da ƙafafuna ba. Na zo da zaren da nake buga layi da shi a bango, na ɗaure ƙafar dama da ƙafar kujera, ƙulli biyu. Dakta yana zagayawa ya gani. Ya tsaya, ya kalli zaren, ya kalle ni, ya juya da sauri ya nufi taga. Kafaɗunsa na gani suna girgiza. Kuma zaren ya yi amfani, don sau ɗaya na ji ya ja ni.

Na ci. Ba ni na zo na ɗaya ba, kusa ma ban yi ba, amma na ci. Hajiya ta ɗauke ni, kuma har yau a wurinta nake.

In na waiwaya yanzu, abin da nake gani shi ne, da Hajiya kaɗai ce da ta tausaya mini ta bar ni a inda nake, da rabin ilimi. Da Dakta kaɗai ne, da ko ƙofar ajin ban gani ba. Sai da aka haɗa mai ido da mai doka sannan aka samu abin da ya ɗaga ni, ko da yake sai da ya fara kayar da ni. Na gaji a lokacin, har yanzu ma a gajiye nake, shekaru ba wasa ba. Amma gajiyar mai aiki daban take da ta mai zaman jiran ciniki.

Na yi wata uku ina jin haushin Dakta, ina gaishe shi a ciki-ciki. Daga baya na zauna na auna, na ga in ni ne a matsayinsa abin da zan yi ke nan. Yanzu in ya kawo ɗalibai kamfani mukan sha shayi tare, mu yi zancen komai ban da wannan. Har yau ban buɗe baki na ce masa yana da gaskiya ba. Ya sani, na sani. Ya isa.