Kawu Ba Ya Cin Mai Ƙwai

Ina raba abinci a wata liyafa a Washington aka miƙo mini tiren baƙin ƙwan kifi. Abokiyar aikina ta ce, "Yaya, na wani kifi ne da ake kira sitajin. Cin ƙwan ya kusa ƙarar da shi, yanzu fama suke su dawo da shi kogunansu."

Tir!

Na tuna Kawu a bakin ruwan Yawuri, hannunsa duk ƙarni. Yakan latsa cikin kifi, in ya ji ƙwai ya mayar ruwa. Wata rana na yi kukan yunwa, ya ce, "Ke! Ana yanka mai ciki ne?"

Na dire tiren. In kora ce, a kore ni.

Allah Ya shayar da Kawu ruwan Alkausara.