Ranar da Aka Rasa Mai Haƙa wa Baba Kabari

Yau shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Garba mai fasa dutse, kuma har yanzu in na ji an buga ƙofarmu da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Baba yana cikin mutanen Rabah da suka koma Goronyo lokacin ginin dam, suna haƙo dutsen da ake cikawa da shi. Unguwarmu duk leburori ne, ƙasarta tsandauri. Saboda haka ƙungiyarsu ke da al'ada: in ɗan ƙungiya ya rasu, abokan aikinsa ne ke fitowa da diga su haƙa masa kabari, don fartanya ba ta kama ƙasar.

Sun shiga yajin aiki kan takalman aiki da maganin waɗanda dutse ya raunata. Yajin ya ja tun bayan girbi har gab da damina. Inna ta kwanta ciwo, tukunyarmu ta yi sanyi, sai Baba ya saɓa digarsa ya koma tun ƙungiya ba ta ce a koma ba. Shi da sauran waɗanda suka koma aka sa musu suna 'yan koma. Da yajin ya ƙare, mai shayi ya zama biyu, motar zuwa aiki ta zama biyu. An sha jifan ƙofarmu ina ciki ina karatun jarrabawa. Kawu Bello, wan Inna, shi ne shugaban ƙungiya, kuma daga ranar da Baba ya koma aiki ya daina amsa sallamarsa.

Wata rana da safe ciwon ƙirji ya ɗauke Baba. Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, aka zauna. Waɗanda suka daure a yajin suka ce ba nasu ba ne. 'Yan koma kuwa tsoro ya hana su fitowa a gan su tare. Har aka kira azahar yana kwance a zaure. Na sa hijabi na nufi gidan Kawu. Na durƙusa, na roƙe shi ƙungiya ta haƙa wa Baba kabari.

Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ƙungiya ba ta haƙa mishi. Ni zan haƙa."

Shi kaɗai ya haƙa, hannunsa har jini. Kafin sadakar bakwai sun cire shi daga shugabanci. 'Yan koma ma ba su karɓe shi ba.

Yanzu ruwa na gudu a magudanai har wajen Wurno, albasa da shinkafa sun rufe fadama, an daina fasa dutse, ƙungiyar ma ta watse. Amma gabar tana nan. Ko a ɗaurin aure tabarma biyu ake shimfiɗawa. Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce. Ina jin cewa zai yi, "To yanzu kuma mi ake riƙo?" Bai bar gona ba, bai bar suna mai daɗi a unguwa ba. Ya bar Inna da rai, ya bar ni na gama sakandare. Ban san yadda ake auna wannan da wancan ba.

Kawu na zaune shi kaɗai a ƙofar gidansa. Ni ke kai masa fura. Bana ya fara irin tarin da Baba ya yi. Duk sanda na ji shi sai in bi gidajen unguwar da ido ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zai fito da diga ranar da Kawu ya rasu. Ni mace ce, ko maƙabarta ba a barina in je.